Amsa ga mai tambaya kan ziyartar haikalin Tirupati a ƙasar Indiya

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana karatu a Chennai, abokin karatunka mabiyin addinin Hindu ya gayyace ka ka raka shi da iyalinsa ziyarar haikalin Tirupati, kuma kana son sanin ko ana barin wanda ba Hindu ba ya shiga, da abin da za ka tarar a can, da yadda Musulmi zai yi wannan tafiya ba tare da ya taɓa addininsa ko ya ɓata wa masu masaukinsa rai ba. Ni ma a Chennai na yi karatu, kuma na yi irin wannan tafiya tare da iyalin wani abokina, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona, in kuma nuna maka wanda su ne suka ba ni labarinsa.

Abin da ya kamata ka fara fahimta tun kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa shi ne, hawa dutsen daban ne, shiga haikalin kuma daban. Tirupati sunan garin da ke gindin duwatsu ne a jihar Andhra Pradesh, shi kuwa haikalin yana can bisa, a wurin da ake kira Tirumala. Babu wanda zai hana ka hawa Tirumala don kai ba Hindu ba ne. Amma hukumar da ke kula da haikalin, wadda aka fi sani da TTD, tana da doka cewa duk wanda ba mabiyin addinin Hindu ba ne, idan yana son ya shiga ya ga abin bautar, sai ya sa hannu a wata takarda inda zai faɗi addininsa, sannan ya bayyana cewa ya yi imani da Venkateswara kuma yana girmama shi. Wannan ba doka ce da aka rubuta aka manta da ita ba. A watan Satumba na 2024, tsohon babban ministan jihar, Jagan Mohan Reddy, wanda Kirista ne, ya fasa ziyarar da ya shirya kaiwa can a daidai lokacin da ake ta kiraye-kirayen cewa lallai sai ya sa hannu a takardar. Idan an yi wa wanda ya mulki jihar haka, to ɗalibin da ya fito daga Najeriya, wanda fatarsa da fasfonsa za su nuna shi tun daga bakin layi, bai kamata ya sa ran za a kau masa da kai ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. Musulmi ba zai iya sa hannu a wannan takarda yana mai gaskiya ba, idan kuma ya sa hannu yana mai ƙarya, ya cuci kansa ya kuma cuci mutanen da suka kafa dokar don su tsare wurin ibadarsu. Wasu za su ba ka shawara ka ɗaura irin zanen da mazansu ke ɗaurawa, ka shige cikin taro ka yi shiru. Ina roƙonka kada ka yi haka. Mu da muke da Makka, inda aka kafa alluna a bakin hanya ana karkatar da wanda ba Musulmi ba, mu ne ya kamata mu fi kowa gane cewa al'umma tana da haƙƙin ta ce ga iyakar baƙo. Ni na hau dutsen tare da su, na raka su har bakin inda ake shiga layi, sannan na koma na jira su a waje, kuma babu wanda ya ɗauke shi a matsayin raini. Mahaifin abokina ma cewa ya yi ya fi son haka, domin wurin na masu bauta ne, ba na 'yan kallo ba. Sharaɗin kawai shi ne ka gaya wa abokinka wannan tun kuna Chennai, cikin natsuwa, kada ka bari sai kun kai ƙofa iyayensa suna tsaye.

To, me za ka gani idan ba za ka shiga ba? Abu mai yawa ƙwarai, domin mafi yawan ibadar wannan wuri a waje ake yin ta. Venkateswara, wanda kuma suke kira Balaji ko Srinivasa ko Govinda, a aƙidarsu wata sura ce ta Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu. Haikalin tsoho ne. Akwai rubutun da ke nuna kyautar da wata sarauniya mai suna Samavai ta bayar a shekarar 966, kuma sarki Krishnadevaraya na daular Vijayanagara, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 16, ya sha zuwa yana zuba dukiya. Hasumiyar da ke kan ɗakin gunkin an lulluɓe ta da zinariya, kuma kana iya hango ta daga waje. A ranakun da ba na biki ba, mutum 60,000 zuwa 80,000 ne ke shiga a kullum, wanda ya sa ake lissafa wurin cikin wuraren ibada mafi samun maziyarta a duniya.

Daga Chennai zuwa Tirupati tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a jirgin ƙasa ko a mota. Daga nan akwai bas-bas na gwamnatin jihar masu hawa dutsen, tazarar kilomita ashirin da wani abu. A gindin dutsen, a wurin da ake kira Alipiri, ana sauke kowa a binciki kaya, domin an haramta hawa da nama da giya da taba, kuma an hana yaɗa wani addini a bisa dutsen, har motocin da aka manna wa alamomin wasu addinai akan tsayar da su. Amma masu cika alwashi da ƙafa suke hawa, kuma idan iyalin abokinka sun zaɓi haka, ina ba ka shawara ka bi su matuƙar kana da lafiyar gwiwa. Hanyar Alipiri tana da matakala 3,550, akwai kuma wata gajeriya mai suna Srivari Mettu wadda matakalarta ba su kai 2,500 ba. Akasarin hanyar an yi mata rufi, akwai ruwan sha, kuma hukumar tana karɓar jakunkunan masu tafiya a ƙasa ta kai musu sama kyauta.

A kan waɗannan matakala ne na fara gane nauyin abin a zukatansu. Akasarinsu ba takalmi suke hawa. Za ka ga mace ta sunkuya tana shafa gangamau da wani jan gari a goshin kowace matakala, ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙasa har sama, wani kuma yana bin ta yana kunna ɗan guntun kafur a kan kowace, kuma wannan aiki yana iya cinye musu yini guda. Za ka ga tsofaffin da ake riƙe wa hannu, da iyaye ɗauke da jarirai, kuma duk bayan ɗan lokaci sai wani ya ɗaga murya ya kira sunan Govinda, taron duka ya amsa. Yawancin waɗannan mutane bakance suka yi: wani ɗansa ne ya warke daga ciwo, wata haihuwa ta samu bayan shekaru, wani aiki ya samu ko ya fita daga bashi, suka zo cika abin da suka ɗauka. Ban yarda da inda suke kai godiyarsu ba, amma ba zan iya cewa wasa suke yi ba, kuma wanda ya je yana dariya ko yana cusa musu kyamara a fuska ya nuna rashin tarbiyya. Ka kuma kula da lafiyarka a hanyar, domin daji ne na gaske. A watan Agusta na 2023 damisa ta kashe wata yarinya 'yar shekara 6 a hanyar Alipiri, har hukumar ta shiga raba wa masu hawa sanduna tana kuma taƙaita lokacin da ake barin yara su bi hanyar. Kada ka ware daga ayari, musamman da dare.

Abin da zai fi ɗaukar hankalinka idan kun isa sama shi ne yawan masu ƙwalƙwal. Maza da mata da ƙananan yara, dubbai, duk an aske musu kai tas, wasu sun shafa garin sandal don sanyi. Ana yin askin ne a wani katafaren gini mai suna Kalyanakatta da wasu ƙananan wurare, inda ɗaruruwan wanzamai, maza da mata, suke aiki dare da rana, kuma ana ba kowane maziyarci sabuwar reza. Idon Musulmi zai yi saurin tuna askin alhazai, amma ka yi hattara da gaggawar haɗa su, domin a wurinsu gashin kansa ne hadayar da ake miƙa wa abin bautar. Mahaifiyar abokina, wadda gashinta ya kai ƙugu, ta bayar da shi duka saboda alwashin da ta yi lokacin da mijinta yake kwance a asibiti. Ta bayyana mini cewa gashi shi ne adon mace da abin alfaharinta, don haka bayar da shi ajiye girman kai ne. Suna kuma da wani labari na gargajiya cewa Venkateswara ya taɓa samun rauni a ka har gashin wurin ya zube, sai wata gimbiya mai suna Neela Devi ta yanki nata ta rufe masa wurin. Shi kuwa gashin da ake tarawa ba a zubar da shi. Hukumar tana rarraba shi bisa tsawo da launi, ta yi gwanjonsa ta intanet, 'yan kasuwa su saya su gyara su fitar da shi ƙasashen waje a yi gashin kanti da shi. Kuɗin yana komawa asusun haikalin.

Bayan aski sai wanka, wasu kuma su je tafkin da ke gefen haikalin, mai suna Swami Pushkarini, su yayyafa ruwansa a kai. Al'adarsu ce su fara ziyartar ƙaramin haikalin Varaha da ke bakin tafkin kafin su nufi babban. A gaban babban haikalin akwai wani fili inda ake fasa kwakwa ana ƙona kafur, kuma daga nan kana iya tsayawa ka ga shige da ficen mutane ba tare da ka taka wata doka ba.

Abin da ke faruwa a ciki, daga bakin abokina na ji shi. Abin da suka zo nema shi ne abin da suke kira darshan, wato su ga abin bautar da idanunsu, kuma a aƙidarsu shi ma ya gan su. Akwai layin kyauta, wanda ake tara mutane a wasu manyan ɗakuna masu kujeru a jere, ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ana raba musu abinci da madara suna jira, kuma a lokacin cunkoso jiran yakan kai yini da kwana. Akwai kuma tikitin rufi 300 na kuɗin Indiya da ake yanka ta intanet tun da wuri, wanda yake rage jiran zuwa 'yan awoyi. Ba a shiga da waya ko kyamara ko takalmi, kuma akwai ƙa'idar sutura, maza su ɗaura zane ko su sa wando da riga irin na gargajiya, mata su sa sari ko doguwar riga da mayafi. Bayan duk wannan wahala, tsayuwar da mutum zai yi a gaban gunkin, wanda baƙin dutse ne da aka lulluɓe da zinariya da furanni a cikin ɗaki mai duhu da fitilun mai, ba ta wuce 'yan daƙiƙu ba, domin ma'aikata suna tsaye suna tura mutane gaba. Na tambaye shi ko hakan bai dame shi ba, ya ce wahalar hanya da jiran su ma ibada ne, kuma mutane da yawa da hawaye suke fitowa. Bayan nan malaman haikalin suna zuba wa mutum ɗan ruwan da aka yi wa addu'a a tafin hannu ya sha, su kuma ɗora masa wani kambi na ƙarfe a ka. Hidimar gunkin tana farawa ne wajen ƙarfe 3 na dare da waƙoƙin tashinsa daga barci, ana yi masa wanka na musamman kowace Juma'a, sannan a rufe da hidimar kwantar da shi bayan tsakar dare.

Kafin su fita suna bi ta wurin hundi, wata babbar tukunya da aka lulluɓe da ƙyalle, inda ake jefa kuɗi da sarƙoƙi da awarwaro. Dalilin da suke bayarwa ya ba ni mamaki lokacin da na fara jin sa. Sun ce Venkateswara ya ci bashi mai yawa a hannun Kubera, wanda suke ɗauka a matsayin mai kula da dukiya, domin ya yi hidimar aurensa da Padmavathi, kuma masu bauta suna taya shi biyan wannan bashi ne har yau. Abin da ake samu a hundi kaɗai ya haura rufi biliyan 10 a shekara, kuma a 2022 hukumar ta bayyana cewa tana da zinariya sama da tan 10 ajiye a bankuna. Adalci ne in faɗi cewa ana ganin aikin wani ɓangare na kuɗin. Tun 1985 ake ciyar da maziyarta kyauta a kullum, akwai motocin kyauta a bisa dutsen, kuma hukumar tana gudanar da asibitoci da makarantu a Tirupati. Tsari da tsaftar wurin, idan aka yi la'akari da yawan jama'a, sun burge ni matuƙa, kuma duk wanda ya damu da yadda ake tafiyar da taron mutane ko dukiyar waƙafi zai sami abin nazari a can.

Yanzu sai batun da na tabbata zai same ka, wato laddu. Wani zaƙi ne da ake dunƙulawa kamar dunƙulen fura, ana yin sa da garin wani nau'in wake da man shanu da sukari da yazawa da zabibi, a wani ɗakin girki na cikin haikalin. Ya yi suna ƙwarai har a 2009 aka yi masa rajista ta yadda ba wanda zai sayar da wani da sunansa. Matsayinsa a wurinsu ya kai ga cewa a 2024, da babban ministan jihar Chandrababu Naidu ya yi zargin an taɓa amfani da man shanun da aka gauraya da kitsen dabbobi wajen yin sa, magana ta kai har Kotun Ƙolin Indiya. Laddu yana cikin abin da suke kira prasadam, abincin da aka gabatar wa abin bauta sannan aka raba don neman albarka, kuma abokinka zai miƙo maka shi da zuciya ɗaya, domin a ganinsa mafi kyawun abin da ya samo ne yake ba ka. Ni ban ci ba, saboda an keɓe shi ne da sunan wanin Allah, kuma idan kana son hukunci dalla-dalla ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa kafin tafiyar. Abin da zan jaddada shi ne yadda za ka ƙi. Kada ka yamutsa fuska, kada ka karɓa ka jefar a bayan idonsu. Ka yi godiya, ka ce addininka bai ba ka damar cin abin da aka gabatar a wurin bauta ba, kamar yadda nasu bai ba su damar cin naman shanu ba. Indiyawa sun saba da dokokin abinci fiye da yawancin mutanen duniya, kuma wannan bayani sukan gane shi nan take. Haka za ka yi idan aka zo shafa maka alama a goshi ko aka miƙo maka farantin da aka kunna wutar bauta a kansa. Ka ja da baya kaɗan, ka dafa ƙirji, ka yi murmushi. Abincin da za ka ci kuwa ba matsala ba ne, domin akwai gidajen abinci na kuɗi a bisa dutsen, kuma duk abin da suke sayarwa na ganye da hatsi ne.

Game da salla, shawarata ita ce kada ka shimfiɗa darduma a fili a bisa Tirumala. Wurin yana cike da jami'an tsaro da kyamarori, al'amuran addini suna da zafi a siyasar Indiya a wannan zamani, kuma hoton baƙo yana salla kusa da haikalin yana iya yaɗuwa cikin awa guda ya jawo maka da abokinka fitinar da ba ku nema ba. A garin Tirupati da ke ƙasa akwai Musulmi da masallatai. Tazarar da ke tsakaninsa da Chennai ta wuce ta ƙasaru nesa ba kusa ba, saboda haka kana da sauƙin da shari'a ta ba matafiyi. Ka tsara tafiyar yadda za ka yi Asuba a ƙasa, ka hau da sassafe, sannan ka sauko a bas ka yi Azahar da La'asar kafin lokaci ya fita. Idan jiran layinsu ya yi tsawo, babu dalilin da zai sa ka kwana a sama. Ka sauka ka kama ɗaki a gari, ku haɗu washegari, amma ku yanke wurin haɗuwa tun kafin su shiga, tun da wayoyinsu ba sa hannunsu.

Ka kuma tambayi abokinka ranar da suka zaɓa. Bikin Brahmotsavam na kwana 9, wanda yake faɗowa a Satumba ko Oktoba, shi ne lokacin da ake fito da ƙananan gumakan haikalin ana zagayawa da su a titunan da ke kewaye, don haka baƙo yakan ga abubuwa da yawa daga waje, sai dai cunkoson yana da tsanani. Ka guji lokacin bikin Vaikunta Ekadasi, a Disamba ko Janairu. A ranar 8 ga Janairu 2025 mutum 6 suka mutu a turmutsutsin karɓar tikiti a Tirupati gab da wannan biki. Watannin Afrilu zuwa Yuni kuma zafi ne mai tsanani haɗe da hutun makarantu. Tsakiyar mako a ranakun da ba biki ya fi sauƙi. Ka riƙe fasfonka da takardar makaranta a jikinka, kuma ka sa ran mutane za su riƙa kallonka suna neman ɗaukar hoto da kai, wanda galibi son sani ne ba ƙiyayya ba.

Dokar baƙi ba ɗaya ba ce a duk haikalan Indiya, saboda haka kada ka ɗauki ta Tirumala ka auna sauran da ita. Haikalin Jagannath da ke Puri da na Guruvayur a Kerala ba sa barin wanda ba Hindu ba ya shiga ko da takarda. A jihar Tamil Nadu da kake zaune, wata babbar kotu ta yanke hukunci a Janairun 2024, a shari'ar haikalin Palani, cewa kada wanda ba Hindu ba ya wuce sandar tuta da ke farfajiyar haikali sai ya rubuta irin wannan alkawari. Idan abin da yake jan hankalinka shi ne gini da sassaƙa da tarihi, to Mahabalipuram tana kusa da kai, kimanin kilomita 60 kudu da Chennai a bakin teku. Haikalan dutse da sarakunan Pallava suka sassaƙa a ƙarni na 7 da na 8 suna can ƙarƙashin hukumar adana kayan tarihi, kowa yana sayen tikiti ya shiga, kuma za ka iya zuwa ka dawo a yini ɗaya. Allah ya kai ku lafiya, ya kuma ba da sa'ar karatu.